Takalmi a Bakin Rami

Ranar da jirgi ya sauke ni a ƙasar sanyin nan, abu biyu ne a jakar hannuna waɗanda ban yarda su shiga cikin manyan kaya ba: takardun karatuna, da wani jan takalmin fata da Inna ta sayo mini a kasuwar Talata Mafara. Sunana Nura, mutumin Bakura, ɗan manoman shinkafa, kuma digiri na uku na je yi a kimiyyar fiziya. Na faɗi wannan da wuri ne don kada wani ya ji labarin tsorona nan gaba ya ɗauka ban yi boko ba. Boko kam na yi shi, tsoron ne bai san da zancen ba.

Baƙo ko da ido makaho ne. Tun ina gida wani ɗan ƙasarmu da na samu ta waya ya ce ya kama mini ɗaki, na tura masa abin da ya nema, kullum sai ya kira ni ɗan'uwa. Da mai tasi ya kai ni adireshin, sai muka tarar da wurin wankin mota. Na kira lambar ɗan'uwan nawa, a kashe. Na tsaya a bakin titi da akwati biyu, sanyi yana cizon kunnena kamar na ci bashinsa, ban san kowa ba, ban san inda gabas take ba balle in yi salla.

Mai tasin, wani dattijo ɗan Somaliya mai suna Abdi, ya leƙo ta taga ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in shigo kafin in daskare. A falonsa na kwana har jami'a ta ba ni ɗaki. Ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa, matarsa ta riƙa ɗura mini shayi mai kayan ƙamshi. Da zan tafi ya ce, “A ƙasar nan duk wanda ya yi saurin ce maka ɗan'uwa, ka dafe aljihunka.” Shi kuwa har muka rabu bai taɓa kira na da wannan sunan ba.

Zango na biyu shi ne jami'a. Malamar da zan yi aiki a ƙarƙashinta Farfesa Helga, doguwar mace mai furfura wadda murmushinta sai an yi sa'a. Ranar farko ta zaunar da ni ta maimaita mini abin da na riga na karanta, kamar mai gwada ko hatsin da ta saya na gaske ne. Garken taurari suna juyawa da saurin da ya kamata a ce sun watse, amma ba su watse ba, wato akwai wani abu mai nauyi da ke riƙe da su wanda ba ya haske, ba ya inuwa. Shekaru aka yi ana neman ƙwayoyinsa a matsayin masu nauyi, ba a gan su ba. Mu namu aikin shi ne neman marasa nauyi, waɗanda in sun bugi abu, bugun bai fi saukar ƙuda a kan buhun gero ba. Na'urarmu ɗan curi ne na silikon mai tsabta, girman sabulun wanka, ana sanyaya shi har ya kusa iyakar sanyin da halitta ta yarda da shi, sannan a kasa kunne ko wani abu zai taɓa shi ya girgiza.

Ta ce matsalar ita ce a doron ƙasa ba a jin komai, domin ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin sama ba sa ɗaukewa, dare da rana. Na ce na gane, kamar mutum ya nemi jin faɗuwar allura a tsakiyar kasuwar Talata ne. Ba ta san Talata ba, amma ta gyaɗa kai. Ta ce shi ya sa na'urar take can ƙasa, kuma wata mai kamawa zan fara sauka.

A nan ne na gane kuskurena. A takardar neman gurbin an rubuta cewa ɗakin gwajin yana ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa na ɗauka irin ɗakin nan ne da ake sauka da matakala a gindin bene, inda ake ajiye tsofaffin kujeru. Sai ta juyo mini da hoto. Ramin haƙar ma'adini ne, zurfinsa ya fi kilomita guda, da mutane a cikin keji sanye da hular kwano. Na kau da kaina daga hoton. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce sanyi ne bai sake ni ba.

Ga abin da ba ta sani ba. Ina sakandare lokacin da zinari ya ɓulla a dazukan Maradun, samarin ƙauyukanmu suka watsar da fartanya suka nufi can. Yayana Garba, ɗan farin Inna, yana cikinsu, a wani rami wajen Faru. Masu haƙa suna da ƙa'idarsu: duk wanda zai bi igiya ya sauka, sai ya tuɓe takalminsa ya ajiye a bakin ramin, kuma ba mai taɓa takalmin wani. Da yamma mai igiya ba ya ƙirga mutane, takalma yake dubawa. In saura ɗaya, to saura mutum. Ranar da ramin ya rufta, aka ruɗe, wani mai son taimako ya tattara takalman duka a buhu ya ruga da su nesa. Mai ramin ya duba bakin rami ya ga wayam, ya ce kowa ya fito. Sai washegari da aka zazzage buhun kowa ya ɗauki nasa, aka ga saura takalman mutum ɗaya babu mai su. Da aka haƙa aka tarar da Yaya Garba. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce yatsunsa sun cinye, wato ya daɗe da rai yana tono.

Takalman nan Inna ta sa su a ƙwarya ta tura ƙarƙashin gado, ba ta yarda ko a share wurin. Ni kuma ta kama hannuna ta ce duk inda neman abinci ya kai ni in je, amma kada in shiga rami. Na yi mata alkawari, kuma ban ji nauyin yin sa ba, don ni kaina ko rijiya ba na leƙawa tun daga ranar.

Yanzu ga ni da zaɓi biyu, kowanne ya fi ɗan'uwansa ɗaci. In na ƙi sauka, gurbin ya tafi, in koma Bakura da rigar sanyin Abdi kawai. In na sauka a ɓoye, na ci amanar Inna. Na yi kwanaki ina juya maganar, sannan na kira wayar yayata Hadiza na ce ta kai wa Inna.

“Ina wuni, Inna?”

“Lahiya lau, Auta. Ya baƙunci? Ya sanyin da aka hwaɗi?”

“Da godiya. Ya ƙahwar taki? Ya mutanen gida? An yanke shinkahwa?”

Muka bi gaisuwa har ta ƙare, na rasa abin ƙarawa. Na ce, “Inna, aikin da anka ba ni, cikin rami shi ke.”

Ina jin sakin taɓarya daga gidan maƙwabta, da kukan ɗan akuya.

“Zinari na?”

“A'a. Wani abu muka biɗa wanda ba a gani.”

“Abin da ba a gani, kuma cikin rami. Auta, ka san mi kaka hwaɗi kuwa?”

Na gane inda hankalinta ya tafi, na yi maza na ce ba aljannu ba ne. Na yi mata bayanin taurarin yadda zan iya, cewa muna ganin aikin abin amma shi ba mu gan shi ba.

“Ashe ku ma takalmi kunka gani, kuna biɗar mai shi,” in ji ta. “To wa ka riƙon igiya?”

Na ce babu igiya irin tamu, inji ne da keji na ƙarfe. Ta ce ba inji ta tambaye ni ba, wa ke zama sama ya san ina ƙasa? Na ce an gaya mini akwai allo, kowa yana da 'yar tagulla mai lamba da yake ratayawa in zai sauka, ya cire in ya fito.

“Allo ba ya da ido,” in ji Inna. “Ban sa ka ba, ban hana ka ba. Amma in za ka shiga, ka aje takalmin da nis saya maka bakin ramin. A samu mutum guda wanda yas san naka na. Kak ka bari kowa ya ɗauke su in ba kai ba.”

Da wannan sharaɗin na isa zango na uku, garin mahaƙa, can arewa inda rana ke leƙowa ta koma kamar mai jin kunya. Ranar saukata ta farko na sa kayan aiki da manyan takalma masu ƙarfe a goshi, na rataya tagullata a allo, sannan na sunkuya na jera jan takalmina a ƙarƙashin bencin da ke kusa da ƙofar keji. Farfesa Helga ta ce mene ne wannan, akwai akwatin ajiye kaya a ɗakin canji. Dole na ba ta labarin, a tsaye, a taƙaice, mutane suna wucewa. Ta saurara fuskarta ba ta motsa ba. Ta ce, “Ka yi haƙuri da rashin ɗan'uwanka. Amma mu nan muna da allo.” Ta ƙara da cewa in tura su can ciki kada wani ya yi tuntuɓe.

Aka cusa mu a keji, kafaɗa da kafaɗa da mahaƙa, aka ja ƙofa. Ƙararrawa ta buga, ƙasa ta suɓuce daga ƙarƙashin ƙafata. Duhu, iska tana hurowa daga ƙasa, ruwa yana ɗiga a hular kwanona, kunnuwana sun toshe. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Wani ƙaton mahaƙi da ke bayana ya dafa kafaɗata da hannu kamar faranti, ya tura mini cingam a tafin hannu, ya nuna kunnensa. Ban riƙe sunansa ba a ranar, sai na sa masa Giwa, kuma da na gaya masa ma'anarsa daga baya ya ce ya karɓa.

A ƙasa abin mamaki zafi ne. Dutsen kansa ɗumi yake fitarwa, irin na bazarar Mafara kafin ruwan farko. Muka yi doguwar tafiya a cikin rami, an lulluɓe rufin da ragar ƙarfe, ni kuwa idona yana sama ina ƙirga tsaga. A ƙofar ɗakin gwaji kowa ya tuɓe, ya yi wanka, ya sa fararen kaya, domin ƙurar da ba ta cika farce ba tana iya yi wa na'urar ƙarya. Na waiwaya na ga takalman aiki jere a bakin ƙofa babu masu su. Sai da na dafa bango.

Ciki kuwa ya fi asibiti tsabta. Na'urarmu tana can ƙarshen wani lungu, ɗaki ɗaya tilo, an kewaye ta da tagulla da tubalan dalma. Dalmar nan da ta kashe yara a ƙauyukan Zamfara lokacin zinari, ita ce a nan aka sa gadi. Aikina in zuba ruwan sanyi na naitirojin, in duba ma'aunai, in zauna gaban allon kwamfuta ina kallon layi. In layin ya yi tsalle, ba murna ake yi ba, tuhuma ake yi: ƙura ce, ko zufan yatsan wani, ko iskar da dutse ke fitarwa, ko waya ta motsa? Wata da watanni duk tsallen da muka kama sai ya zama ɗan gida. Farfesa ta ce rashin samu ma sakamako ne. Na ce haka ne, mai neman ɓatacciyar akuya in ya duba kwari bai gan ta ba, ya rage wurin nema, sai dai akuyarsa har yanzu tana daji.

An ce yau da gobe tana sa a saba, ni dai ban saba ba. Kullum na shiga keji sai bakina ya bushe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takalmin. Wata rana na fito ban gan shi ba, mai shara ta kai shi kwandon kayan tsintuwa. Na tsaya a gaban benci, ina da rai, ina sama, amma ji nake kamar an riga an rufe ni. Matar ta ba ni haƙuri ba tare da ta san laifinta ba. Mahaƙa suka mai da abin wasa, in sun gan ni sai su nuna ƙarƙashin benci su sara wa takalmin kamar soja. Ina dariya tare da su, me zan yi.

Doka ce ba a barin mutum ɗaya a lungun na'ura, sai biyu. Abokin aikina Tomas, ɗalibi kamar ni, mai fara'a, mai saurin cewa aboki. Da na tuna maganar Abdi da na dafe aljihuna, amma shi ba kuɗi yake ci ba, lokaci yake ci. Ranar da abin ya faru, muna cikin zuba ruwan sanyi ya ce budurwarsa tana jiran sa a wani gari, in taimaka in ƙarasa, zai bi kejin rana. Na ce doka fa? Ya ce saura kaɗan a gama, kuma ga mutane can a babban ɗaki. Baƙo ba ya son a ce ya cika tsanani. Na ce ya je.

Ina durƙushe gaban tulun naitirojin na ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin kunnena, ƙasa ta harbo ni daga ƙasa. Wuta ta ɗauke. Wata 'yar fitilar ko-ta-kwana ta kama, ja-ja, ƙura tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa cikin ɗakin da ko gashi ba a yarda ya faɗi ba. An koya mana cewa dutse mai zurfi yakan fashe da kansa saboda nauyin da ke kansa. Ji daban, gani daban.

Na ɗaga wayar bango, ba ta numfashi. Na buɗe ƙofa na bi lungun da 'yar tocila, ban yi nisa ba na tarar da rufin ya zube, duwatsu da ragar ƙarfe sun cushe hanya, sai 'yar kafa a sama wadda ko kyanwa sai ta yi tunani. Na yi kira har muryata ta dushe. Daga bayana kuma wata ƙararrawa ta fara kuka, na gane ta: injin iska ya tsaya, ruwan sanyin yana zama tururi yana korar iskar shaƙa daga ɗakin. Na ruga na ja ƙofar na rufe, na tuɓe farar rigata na toshe ƙasanta, na dawo na zauna kusa da duwatsun inda 'yar kafar take.

Zafi ya fara hawa. Dutsen yana ta ƙananan ƙara, ƙas, ƙas, kowace ɗaya sai na ce ita ce ta ƙarshe. Na kashe tocila don kada batir ya ƙare, duhun ya zauna mini a ƙirji. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron da ke sa mutum ya ji ƙamshin jikinsa ya canza. Ban san lokacin da na fara jan duwatsu da hannu ba, sai da na ji zafi a farce na kunna tocila na ga jini. Na dubi yatsuna, na tuna na Yaya Garba. Na ce wa kaina, Nura, in ka ci gaba da wannan, labari ɗaya Inna za ta ji sau biyu. Na zauna a kan hannuwana kamar yaron da aka yi wa faɗa.

Na lallashi zuciyata da cewa tagullata tana allo, za a zo. Can kuma sai wata zuciyar ta ce, in mai shara ta sake bi ta wurin benci fa? Na yi taimama da ƙurar dutsen, na yi salla a zaune ba tare da na san alƙibla ko lokaci ba. Daga nan na lalubo wata sifana a aljihun wandona, na sami bututun ruwa da ya bi bango ya shige cikin duwatsun, na riƙa bugawa. In na gaji in huta, in na ji barci yana jana in tashi in ci gaba, don an gaya mana barcin da ƙarancin iska ke kawowa ba a farkawa daga shi.

Abin da ke faruwa a sama, daga baya Giwa ya ba ni labari. Da dutsen ya fashe aka kwashe kowa, mutanen babban ɗaki sun ɗauka ni da Tomas mun fita tare tun rana. Aka duba allo, saura tagulla ɗaya, ta Tomas. Ashe garin sauri tawa ya cire, lambobinmu maƙwabta ne. Aka kira shi a waya, ya amsa daga kan hanya ya ce yana waje, mantuwa ce. Aka ce masa kowa ya fito, shi ma ya ɗauka har da ni. Aka cire tagullarsa, allo ya zama wayam. Shugaban ramin ya ce a rufe ƙofar keji, ba mai sauka sai dutse ya lafa, ko da zai kai kwanaki.

Farfesa Helga ta iso daga gari a gigice, ta tsaya gaban allo ta ga babu kowa, ta sauke ajiyar zuciya ta zauna a benci. Diddigenta ya taɓa wani abu. Ta sunkuya.

Giwa ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba. Ta miƙe ta ce, “Akwai mutum a ƙasa.” Shugaban ya nuna mata allo. Ta ce a kira wayar Nura. Aka kira, aka ji tana ringi a cikin akwatin ɗakin canji. Wani ya ce wataƙila ya manta takalmin ya tafi gida. Ta ce wannan yaron zai manta kansa kafin ya manta su. Wani ya miƙa hannu zai ɗauko takalmin a duba, ta daka masa tsawa ta ce kada wanda ya taɓa. Ta koma ta zauna a kan bencin, ƙafafunta biyu sun sa su a tsakiya, ta ce ba za ta tashi ba sai an sauka.

Ni dai abin da na sani, ina bugun bututu hannuna ya mutu, kaina yana sara, sai na ji kamar bututun ya amsa. Na tsaya. Na ce kunnena ne, wata da watanni ina koyon kada in yarda da tsallen farko. Na buga uku, na jira. Uku suka dawo. Na buga biyu, biyu suka dawo. A nan na kifa goshina a kan bututun na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi.

Sai da masu ceto suka kafa ginshiƙai suka janye duwatsu kaɗan-kaɗan kafin kafar ta isa mutum. Hannun da ya fara shigowa na gane shi, mai kamar faranti. Ya jawo ni kamar ɗan akuya, ya ɗora mini abin shaƙar iska. A cikin keji muna hawa ya laluba aljihunsa ya miƙo mini cingam.

Da ƙofa ta buɗe, ga Farfesa a benci inda aka ce ta zauna. Ta tashi ta matsa gefe, ba ta miƙo mini jan takalman ba. Ta ce, “Ba wanda ya taɓa.” Likita yana jira, na ce ya ɗan dakata. Na zauna na kwance takalman ɗakin gwaji da yatsuna masu jini, na zura ƙafata a cikin jan takalmin Inna. Da shi na taka dusar ƙanƙara har motar asibiti, sanyi yana yanka mini yatsu, ban taɓa jin daɗin sanyi irin na ranar ba.

Tomas ya zo asibiti yana kuka, na ce ya je na yafe, amma ban ƙara yarda ya ce mini aboki ba. Washegari da hantsi na kira Hadiza na ce ta kai wa Inna. Wannan karon ban iya jan gaisuwa ba.

“Inna, ramin ya rubza ina ciki. Amma na hito, lahiyata lau.”

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Numfashinta kawai nake ji.

“Wa yaɗ ɗauke takalmin?”

“Ba wanda yat taɓa su, Inna. Malamata ta zauna bisansu har anka hiddo ni. Ga su ga ƙahwata.”

“Kai kas saka su da kanka?”

“Ni nis saka su.”

“Alhamdu lillahi,” in ji ta, a hankali. “Ka gaishe ta. Ka ce mata wata tsohuwa ta Bakura ta gode.” Sannan ta ce, “Kun gano mai takalmin naku?”

Na ce tukuna. Ta ce to, ita ba ta sa ni ba, ba ta hana ni ba, sharaɗinta dai yana nan. Na koma ramin bayan an gyara, kuma har na gama karatun bakina bai daina bushewa a keji ba.

Amma ranar, kafin a kashe wayar, na ji ta ɗaga murya tana kiran yayata, ta manta ina kan layi.

“Hadiza, jawo man ƙwaryar ga ta ƙarƙashin gado. Takalman yayanku na ciki. Ki goge su, ki kai masallaci a ba wanda ba ya da.”